Mu Nawa Ne? Tarihin Ƙidayar Jama'a da Yaƙin Alƙaluma a Jaridun Nijeriya

Gabatarwa

Wani abin lura a harshen Hausa shi ne, kalma ɗaya muke amfani da ita wajen kiran abin da marubuci ke riƙewa a hannu da kuma lambobin da ma'aikacin ƙididdiga ke jerawa a takarda. In aka ce "alƙaluma", sai mai sauraro ya jira ƙarshen zance kafin ya gane ko abin rubutu ake nufi ko kuwa lissafi. Wannan haɗuwa ta dace ƙwarai, domin kuwa lambobi ba su da ƙafar da za su taka su isa kunnen jama'a, sai mai alƙalami ya ɗauke su ya kai. Manomi a Ɗambatta ko ɗan tireda a Onica bai taɓa ganin kundin ofishin ƙidaya ba, abin da jarida ta buga ko rediyo ya faɗa shi ya sani, kuma a kansa yake yin fushi ko murna.

Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihin tambaya guda wadda ta fi kowace tambayar lissafi tayar da ƙura a ƙasar nan, wato: mu nawa ne? Za mu ga yadda aka yi ta amsa ta, da yadda jaridu suka riƙa isar da amsar, sa'an nan mu tsinci abin da zai amfani duk mai sha'awar rubutu.

Zamanin da ake gudun ƙidaya

Ƙidayar farko da Turawan mulkin mallaka suka yi a wannan ƙasa a Ikko aka yi ta cikin 1866, aka sake a 1871, daga nan kuma bayan kowace shekara goma. Bayan haɗe Arewa da Kudu a 1914, aka yi ƙoƙarin game ƙasar duka a ƙidayar 1921, wadda ta ba da kimanin mutum miliyan 18.7, sai ta 1931 da ta ba da kimanin miliyan 19.9. Amma fa kada mai karatu ya ɗauka malamai ne suka bi gida gida. In ban da Ikko da wasu 'yan garuruwa da ƙauyuka, akasarin adadin daga littattafan haraji aka tsamo shi. A nan Arewa mai unguwa ne ke ba dagaci yawan masu biyan haraji, dagaci ya miƙa wa hakimi, hakimi ya kai ofishin En'e, daga nan Di'o da Razdan su ƙiyasta mata da yara su ɗora a kai.

To, tun da yake ƙidaya da haraji tafiyarsu ɗaya, ba abin mamaki ba ne talaka ya ɗauki malamin ƙidaya tamkar ɗan aiken asara. Magidanci kan ɓoye samarin gidansa, Bafulatani kan kora rabin garkensa daji kafin masu jangali su iso. Ga kuma tsohuwar al'ada da ta game kabilu da yawa ta ƙin ƙirga 'ya'ya don gudun baki.

Abin da ya faru a ƙasar Ibo cikin Nuwamba 1929 ya isa misali. A 1928 aka fara karɓar haraji daga maza a can, bayan an ƙirga su. Da aka sake aiko da umurnin ƙirga mutane da dabbobi, sai wani basarake da Turawa suka naɗa a garin Oloko, mai suna Okugo, ya tura wakilinsa Mark Emeruwa. Wakilin nan ya shiga gidan wata mata, Nwanyeruwa, ya ce ta ƙirga masa awaki da tumaki da mutanen gidan, ita kuwa ta tambaye shi ko an ƙirga uwarsa. Cacar baki ta zama kokawa, labari ya bazu cewa za a aza wa mata haraji, dubban mata suka fito a yankunan Aba da Owerri da Kalaba. Kafin wutar ta mutu sojan Turawa sun harbe mata fiye da 50. Wannan ya sa a 1931 hukuma ba ta yi gangancin bin gidaje a yawancin Gabas ba. A 1941 kuwa ba a yi ƙidayar ba sam saboda Yaƙin Duniya na Biyu.

Ke nan duk adadin da aka samu a wancan zamani ya gaza gaskiya, domin kowa ƙoƙarin rage kansa yake yi. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda kawuna suka zama kujeru

A taron tsarin mulki da aka yi a Badun cikin 1950, wakilan Arewa suka tsaya kai da fata sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, hujjarsu kuwa ita ce Arewa ta fi yawan jama'a. Aka ba su 68 daga cikin 136 a tsarin mulkin 1951. Ba da daɗewa ba aka yi ƙidayar da aka fara daga Arewa a tsakiyar 1952, aka ƙare da Gabas a 1953. Ita ce ta farko da aka yi ƙoƙarin bin gidaje a ko'ina, ta kuma ba da kimanin mutum miliyan 30.4: Jihar Arewa miliyan 16.8, Jihar Gabas miliyan 7.2, Jihar Yamma miliyan 6.1, Ikko kuwa dubu 270 da 'yan kai. Wato Arewa na da kimanin kashi 55 cikin 100.

Da wannan adadi aka raba kujeru 312 na Majalisar Wakilai don zaɓen 1959. Arewa ta sami 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. Duk ɗan siyasa mai lissafi ya gane abin da wannan ke nufi: jam'iyyar da ta riƙe Arewa da kyau tana iya mulkin tarayya. 'Yan siyasar Kudu suka yi ta cewa Turawa ne suka kumbura Arewa don su bar mulki a hannun waɗanda suka fi jituwa da su, suka sa rai ƙidayar farko bayan 'yancin kai za ta juya lamarin. Shugabannin Arewa su ma sun san abin da ke gabansu.

Cikin shekara goma kacal ma'anar ƙidaya ta juye. Da can wanda aka ƙirga shi ne ya yi asara, yanzu wanda ba a ƙirga ba shi ne ya yi asarar kujera da makaranta da asibiti da famfo. 'Yan siyasa da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa suka shiga yekuwa, ana kiran 'yan ci-rani da ma'aikatan birane su koma garuruwansu na asali a ƙirga su a can.

Jaridu da iyayen gidansu

Kafin mu shiga rikicin, ya kamata mu san su wane ne za su ba da labarinsa. Kusan kowace jarida ta wancan lokaci tana da uban gida. West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe ce, ya kafa ta a 1937, bakin jam'iyyar NCNC ce. Nigerian Tribune ta Cif Obafemi Awolowo ce, an kafa ta a Badun a 1949, tana bin Action Group. Gwamnatin Gabas na da Nigerian Outlook a Inugu. A Zariya, Kamfanin Gaskiya na buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairu 1939, da kuma Nigerian Citizen ta Turanci tun 1948, su ne ke ɗauke da muryar Gwamnatin Arewa. Gwamnatin Tarayya ta kafa Morning Post a 1961, gwamnatin Cif Akintola ta kafa Daily Sketch a 1964. Daily Times ta Ikko, wadda ta fi su duka kasuwa, ita ce ba ta jam'iyya ba.

Wanda ya san wannan jeri zai iya faɗin matsayin da kusan kowace jarida za ta ɗauka tun kafin a fitar da sakamako. Bugu da ƙari, mai karatu a Inugu ba safai yake ganin jaridar Zariya ba, haka shi ma na Zariya. Kowa na jin rabin labari, yana kuma tsammanin ya ji duka.

Ƙidayar 1962, wadda ba a taɓa bayyanawa ba

A watan Mayu 1962 aka yi ƙidayar, ƙarƙashin wani Bature mai suna J. J. Warren. Gwamnati ba ta taɓa buga sakamakonta a hukumance ba, amma alƙaluman sun sulale sun isa kunnen 'yan siyasa da 'yan jarida. Abin da aka samu da farko shi ne: Arewa kimanin miliyan 22.5, Gabas miliyan 12.4, Yamma kimanin miliyan 10, jimillar ƙasa ta ɗara miliyan 45 kaɗan. In aka gwada da na 1952 zuwa 1953, Arewa ta ƙaru da kimanin kashi ɗaya cikin uku, alhali Gabas ta ƙaru da kimanin kashi 70 cikin 100, Yamma kuwa da fiye da kashi 60. Babban abin da ke ciki shi ne, Arewa ta faɗo ƙasa da rabin jama'ar ƙasa.

Warren ya rubuta rahoto yana cewa alƙaluman wasu yankuna na Gabas na ƙarya ne, an kumbura su. Ministan Raya Tattalin Arziki, Alhaji Waziri Ibrahim, wanda ofishin ƙidaya ke ƙarƙashinsa, ya faɗi haka a majalisa cikin Disamba 1962. 'Yan NCNC suka tayar da ƙayar baya, suka nemi a kori Baturen. Aka ce a sake tantancewa. Gabas ta tsaya a kan adadinta, Arewa kuwa da ta sake dubawa sai ta ce ta gano mutum miliyan 8.5 da aka tsallake, adadinta ya tashi zuwa kimanin miliyan 31. Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya karɓi al'amarin a hannunsa, a watan Fabrairu 1963 aka soke ƙidayar baki ɗaya.

Darasin farko ke nan game da alƙaluma a jarida. Watanni aka yi ana muhawara a kan lambobin da babu wanda ya sa musu hannu, babu kuma wanda ya ga yadda aka tattara su. Adadin da ya fito ta bayan gida ya fi na hukuma daɗin bugawa, domin yana da ɗanɗanon asiri, kuma in ya zama ƙarya ba a san wanda za a kama ba.

Ƙidayar 1963 da yaƙin da ya biyo baya

Aka sake ƙidaya daga 5 zuwa 8 ga Nuwamba 1963, wannan karo kowace jiha ta tura masu sa ido zuwa sauran jihohi. A lokacin an riga an yanke Jihar Tsakiyar Yamma daga Yamma tun watan Agusta. Ranar 24 ga Fabrairu 1964 aka bayyana sakamako: mutum miliyan 55.6. Arewa miliyan 29.8, Gabas miliyan 12.4, Yamma miliyan 10.3, Tsakiyar Yamma miliyan 2.5, Ikko dubu 665.

Firimiyan Gabas, Dokta Michael Okpara, ya yi watsi da shi, ya zargi Arewa da ƙirga mutane sau biyu da ƙirga waɗanda ba a gani da ido ba. Firimiyan Tsakiyar Yamma, Cif Dennis Osadebay, ya kira sakamakon abin dariya mafi girma na zamani, ko da yake daga baya ya sauko ya amince. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya karɓa, Cif Akintola na Yamma shi ma ya karɓa. Gwamnatin Gabas ta kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta ce ba ta da hurumi. Aka sake raba kujeru 312: Arewa 167, Gabas 70, Yamma 57, Tsakiyar Yamma 14, Ikko 4.

Yanzu bari mu ajiye 'yan siyasa, mu ɗauki alli da allo. Daga miliyan 30.4 zuwa miliyan 55.6 cikin shekara goma da 'yan watanni, ƙarin kashi 83 cikin 100 ke nan, wato kusan kashi 6 cikin 100 kowace shekara. Ƙasar da ake haihuwa sosai, in ba baƙi suka kwararo mata ba, ƙaruwarta ba ta cika wuce kashi 3 da ɗan abin da ba a rasa ba. Saboda haka ɗayan biyu ne, ko kuma duka biyun: ko dai adadin 1952 ya gaza saboda tsoron haraji, ko na 1963 ya yi yawa saboda kwaɗayin kujera. Masanin tattalin arziki S. A. Aluko ya bi diddigin wannan matsala tun daga 1901 a wata maƙala da ya buga a 1965.

Abin sha'awa shi ne, a cikin alƙaluman nan guda kowane edita zai sami sandar da zai doki abokin gabarsa, ba tare da ya yi ƙarya ko ɗaya ba. Editan da ke son ya tozarta Arewa sai ya gwada 1962 da 1963: daga miliyan 22.5 zuwa miliyan 29.8, ƙarin fiye da miliyan 7 cikin wata 18. Editan da ke son ya tozarta Gabas sai ya gwada 1953 da 1962: ƙarin kashi 70 cikin shekara tara. Wanda kuwa ke neman Yamma, sai ya haɗa ta da Tsakiyar Yamma kamar yadda suke a da, ya nuna sun tashi daga miliyan 6.1 zuwa miliyan 12.8, sun ninka har da ɗori, abin da ko Arewa ba ta yi ba, domin ƙarinta kashi 77 ne. In da kawuna za a auna, Arewa ce ta fi ƙaruwa da miliyan 13. In da kashi cikin ɗari za a auna, Yamma ce. Kowanne gaskiya ne, amma kowanne shi kaɗai yaudara ne. Har ila yau lissafin ya nuna dalilin zafin Okpara: tsakanin ƙidayar 1962 da ta 1963 Arewa ta ƙaru, Yamma ta ƙaru, Gabas ce kaɗai ta tsaya inda take.

Jaridun jam'iyyu ba su jera wa masu karatunsu hoton duka ba, kowacce ta ɗauki ɓangaren da ya yi wa uban gidanta daɗi. Cikin 'yan makonni zancen ya tashi daga lissafi ya koma gorin kabila. A Majalisar Dokokin Arewa cikin Maris 1964 an yi kalamai masu zafi a kan Ibo mazauna Arewa. Gwamnatin Yamma ta fitar da takarda mai ɗauke da jerin alƙaluma don nuna Ibo sun mamaye manyan muƙamai a hukumar jiragen ƙasa da wasu ma'aikatu, ƙungiyar Ibo ita ma ta mayar da martani da nata alƙaluman. Ƙawancen NPC da NCNC ya ruguje, aka shiga zaɓen Disamba 1964 da sababbin ƙawance biyu, NNA da UPGA, zaɓen da ya ƙare da ƙauracewa da rikici. Daga nan sai tarzomar zaɓen Yamma a Oktoba 1965, sai juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Ba ƙidaya kaɗai ta kashe Jamhuriya ta Farko ba, amma tana cikin manyan gatura da suka sare ta.

1973 da 1991: adadin da ya yi yawa da wanda ya yi kaɗan

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ɗauka tun da babu jam'iyyu, ƙidaya za ta tafi lami lafiya. Aka naɗa tsohon Babban Jojin Ƙasa, Sir Adetokunbo Ademola, ya shugabanci hukumar, aka haɗa malaman ƙidaya da sojoji, aka riƙa shafa wa wanda aka ƙirga tawada a yatsa. An fara a ƙarshen Nuwamba 1973, a watan Mayu 1974 aka faɗi sakamakon wucin gadi: miliyan 79.8. Jihohi shida na Arewa miliyan 51.4, shida na Kudu miliyan 28.4.

A nan ma alli ya isa. Arewa ta ƙaru da kashi 72 cikin shekara goma, Kudu ba ta kai kashi 10 ba, har ma Jihar Yamma da ta Kudu Maso Gabas raguwa suka yi. Rabon Arewa ya tashi daga kashi 53 da rabi zuwa kashi 64. Wanda ya ce an kumbura Arewa a 1973 yana da hujja, wanda ya ce raguwar Yamma ta tona asirin kumburin 1963 shi ma yana da hujja. Awolowo ya fito fili a 1974 ya ce aikin banza aka yi. Da Janar Murtala Muhammed ya hau mulki, a jawabinsa na 30 ga Yuli 1975 ya soke ƙidayar, ya ce a ci gaba da aiki da ta 1963.

Daga nan aka shiga wani sabon salo, wato zamanin hasashe. Tun da babu sabon adadi, sai ma'aikatu da hukumomin duniya suka riƙa ɗaukar na 1963 suna ɗora masa ƙarin shekara shekara. Jaridu kuwa suka riƙa buga abin da ya fito kamar an ƙirga. Gwada da kanka: ɗauki miliyan 55.6, ka ƙara masa kashi 2 da rabi kowace shekara har shekara 28, za ka sami kimanin miliyan 111. Haka aka wayi gari kafin 1991 ana ta rubuta cewa 'yan Nijeriya sun kai miliyan 110 zuwa 120.

A ƙarshen Nuwamba 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka tsayar da ƙasa cik na kwana uku aka yi ƙidaya ƙarƙashin Alhaji Shehu Musa, Makaman Nupe. Don kauce wa fitina aka cire tambayar kabila da ta addini daga takardar. Da aka bayyana sakamako a Maris 1992, sai ga miliyan 88.5, wanda daga baya aka daidaita shi zuwa kusan miliyan 89. Mutane suka shiga tambayar ina sauran miliyan 20 ko 30 suka shiga. Amsar ita ce ba su taɓa wanzuwa a ko'ina ba sai a takarda. An gina hasashe a kan tubalin da ake shakka, aka maimaita shi har ya zauna a zukata, ranar da aka ƙirga kuma sai aka tuhumi ƙirgar maimakon hasashen. In aka yarda da 1963 da 1991 duka biyu, to ƙasar ta ƙaru da kashi 1.7 ne kawai a shekara, abin da bai yi kama da gidajenmu ba. Dole ɗayansu, ko dukansu, na da rauni.

Kano da Ikko, da abin da ya biyo baya

Ƙidayar Maris 2006, zamanin Cif Olusegun Obasanjo, ƙarƙashin Samu'ila Danko Makama, ta ba da miliyan 140. Amma adadin da ya cika shafukan farko a Janairu 2007 shi ne na jihohi biyu: Kano kimanin miliyan 9.4, Ikko miliyan 9 da 'yan kai. Gwamnatin Jihar Ikko ta ƙi amincewa, ta ce nata lissafin ya ba ta miliyan 17.5. Masu sharhi da yawa suka riƙa gwada cunkoson titunan birnin Ikko da na birnin Kano, alhali jiha da jiha aka ƙirga. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44 da karkara mai cike da mutane, faɗinta ya ninka na Jihar Ikko fiye da sau biyar, birnin Ikko kuwa ya malala har cikin Jihar Ogun. Wannan bai tabbatar da adadin kowa ba, ya dai nuna cewa wanda zai gwada abu biyu sai ya tabbata irinsu ɗaya. A 2013 shugaban hukumar ƙidaya na lokacin, Festus Odimegwu, ya ce ƙasar ba ta taɓa yin ƙidaya sahihiya ba, maganar da ta jawo ce-ce-ku-ce har ya bar kujerar a shekarar. An shirya wata ƙidayar a Mayu 2023, aka ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Ke nan duk adadin jama'ar Nijeriya da jaridu suka buga daga 2007 zuwa 2024, har da miliyan 200 da ɗoriya da aka saba ji, hasashe ne da aka ɗora a kan 2006.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙidayar jama'a ba. A Afrilu 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya shekarar da take auna tattalin arziki da ita daga 1990 zuwa 2010, ta shigar da sassa irin su wayar salula da finafinai yadda ya kamata. Dare ɗaya ƙimar arzikin ƙasa ta tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa biliyan 510, aka yi ta shelar Nijeriya ta wuce Afirka ta Kudu, alhali ko kwabo bai ƙaru a aljihun kowa ba. Haka kuma rashin aikin yi da aka ce ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020 ya koma kashi 4.1 a farkon 2023. Ma'auni aka sauya: a sabon tsarin, wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ana lissafa shi cikin masu aiki. Wanda ya buga lambobin biyu gefe da gefe bai faɗi wannan ba, ya yaudari mai karatunsa ko da bai yi niyya ba.

Kammalawa

Ɗan'uwa marubuci, wannan tarihi bai ce mu guji alƙaluma ba. Ƙasar da ba ta san yawan 'ya'yanta ba ba za ta san yawan azuzuwa da allurar rigakafin da take bukata ba, kuma talakan da aka yi rigimar da sunansa shi ne ke kwana a ciki. Abin da tarihin ya koya mana shi ne mu yi wa adadi irin tambayoyin da alƙali ke yi wa shaida. Wa ya kawo shi, me kuma zai samu in an gaskata shi? Ƙirgawa aka yi ko ƙiyasi? Da wace shekara aka gwada shi, kuma me zai fito in an gwada da wata? Kawuna ake nufi ko kashi cikin ɗari? Ma'aunin bana shi ne na bara? In ka sami amsa, ka sa ta cikin rubutunka kusa da adadin, ko da jimla ɗaya ce, don mai karatu ya yi nasa hukuncin.

Wannan ya shafi mai rubuta labarin jarida, ya shafi mai maƙala, har da mai ƙagaggen labari da ke sa wa tauraronsa magana a baki. Mutanenmu na girmama abin da aka buga, sun kuma fi girmama shi in yana ɗauke da lambobi, domin suna ganin lamba ba ta da kabila. Editocin 1964 sun san da wannan amana, da yawansu suka yi amfani da ita wajen hura wutar da ta zo ta ci su da masu karatunsu. Lissafin da muka yi a wannan maƙala bai fi ƙarfin ɗan aji shida na firamare ba, kuma duk alƙaluman suna gabansu a ranar 24 ga Fabrairu 1964. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai alƙalamin da zai jera su duka a shafi ɗaya, har da waɗanda ba su yi wa jiharsa daɗi ba.